Injin Shara Mai Tsaye: Yadda Za Ka Gano Matsalarsa Ka Gyara Da Kanka Mataki-Mataki

Tambayar nan dai ta ƙi ƙarewa, duk wanda ya san ina ɗan taɓa gyaran irin waɗannan injinan sai ya tare ni da "nawa ya daina zuƙa", ko "yana warin roba", ko "ina cikin aiki sai ya mutu da kansa", toh na ga gara in zauna in rubuta abun sau ɗaya daki-daki kowa ya bi. Injin da nake nufi shi ne mai tsaye ɗin nan da ake riƙe hannunsa ana tura shi gaba da baya a kan kafet, burushi na juyawa a ƙarƙashinsa, mai waya ba mai batir ba.

Kafin komai ka riƙe abu ɗaya, injin nan ba wani sihiri a cikinsa, iska ce da burushi kawai. Burushi ya daki kafet ya tayar da ƙura, iska ta ɗauke ta ta bi tiyo ta zube a jaka ko mazubi, sannan iskar ta ratsa filta ta fita. Mafi yawan abun da mutane ke kira "moto ya ƙone" ba moto ba ne, ko hanyar iska ce ta toshe ko bel ɗin da ke juya burushi ne ya saki, shi ya sa na jera matakan daga wanda ba zai ci maka ko sisi ba zuwa mai tsada, don Allah ka bi su a jere, kar ka yi tsalle ka faɗa kan moto.

1. Cire fulogi, tanadi kayan aiki

Cire fulogi daga bango, ba kashe makunni kawai ba, cirewa gaba ɗaya ka ajiye shi inda idonka ke ganinsa. Wasu injinan makunninsu na ƙafa ne, kana juya injin gwiwarka ta taɓa shi sai burushi ya tashi da yatsunka a ciki, ba wasa ba ne.

Kayan da za ka buƙata ba su da yawa: sukudireba mai baki ɗaya da mai gicciye, almakashi ko reza, filaya mai dogon baki, tocila, tsohon burushin goge haƙori, tsumma, da sandar mofa. Wasu kamfanoni kamar Dyson da Shark suna yawan amfani da noti mai kan tauraro, in naka irinsu ne sai ka nemi saitin sukudireba na tauraro, kar ka matsa masa da mai baki ɗaya za ka cinye kan notin ne ka shiga wata sabuwar wahala. Mitar gwada wuta sai a mataki na 10 za a neme ta.

Ka shimfiɗa tsohuwar jarida ko leda don ƙura za ta zuba sosai, in kana da asma ko atishawa na damunka ka sa takunkumi ka yi aikin a waje. Sannan ka kwantar da injin ka nemi takardar da ke manne a bayansa ko ƙarƙashinsa, nan aka rubuta lambar samfurinsa da ƙarfin wutar da yake sha, ka ɗauke ta hoto da wayarka, duk abun da za ka saya nan gaba da wannan lambar za ka nema. Kuma duk marfin da za ka buɗe ka fara ɗaukar hoto tukuna, wallahi hoton nan ya sha cetona.

2. Saurari injin, gwada zuƙarsa da tafin hannu

In injin yana tashi, mayar da fulogi na minti ɗaya kawai ka kunna shi ka kasa kunne. Ƙarar da ta yi siriri ta haura sama kamar yana kuka, wannan toshewa ce, iska ba ta wucewa sai moton ya ƙara gudu. Ƙarar gurzawa kamar ana niƙa tsakuwa, boris ne, wato zoben ƙarfen da sanda ke juyawa a cikinsa, ko wani abu ya shiga fankar moto. Ƙarar kaf-kaf-kaf daga ƙasa, burushi ne ko wani abu ya naɗe shi. Warin ƙonannar roba bel ne, amma warin ƙonanniyar waya mai shiga hanci da ɗaci-ɗaci wannan na moto ne, in shi ka ji kashe nan take.

Yanzu zare tiyon daga inda yake shiga kan injin ka ɗora tafin hannunka a bakinsa. In ya kama hannunka da ƙarfi amma a ƙasa ba ya kwasar komai, toh matsalar tana ƙasa, wato burushi, bel, ko 'yar gajeriyar hanyar da ke tsakanin kai da jiki. In ko a tiyon ma babu ƙarfi, cire tiyon gaba ɗaya ka gwada ramin da ke jikin injin, in nan akwai ƙarfi tiyon ne ya toshe, in nan ma babu toh jaka ce ko filta. Wannan ɗan gwajin shi ke raba maka aikin biyu, sai ka sake cire fulogi mu ci gaba.

3. Jaka ko mazubin ƙura

Mai jaka, kar ka jira ta cika fam, da ta kai kamar kashi biyu cikin uku ka canza ta, domin jakar ita kanta matata ce, iska ta jikinta take fita, ƙananan ƙofofinta kuma suna toshewa tun kafin ta cika, musamman in ƙurar mai laushi ce. Za ka ga jaka rabi amma zuƙa ta mutu, ka taɓa jikinta ka ji ta yi tauri kamar kwali, shikenan ta gama aiki.

Hattara: jakar takarda ba a zazzage ta a mayar, na san ana yi don tattali amma ƙofofinta sun riga sun toshe, kuma da ta yage a ciki duk ƙurar moto za ta nufa. In ka sa sabuwa ka tabbatar bakin kwalin ya zauna daidai a kan bututun.

Mai mazubi na roba mai gani-har-hanji, akwai layi da aka zana a jikinsa, kar ƙura ta wuce shi. Zubar, sannan ka kalli wannan abu mai ƙananan ramuka da ke tsakiyarsa, gashi da auduga suna manne masa su rufe ramukan, goge shi da burushin haƙori a bushe. Roban mazubin ana iya wanke shi a shanya, amma ɓangaren sama mai ƙananan mazurarai da ke juya iska kar ka zuba masa ruwa sai in littafin injinka ya ce a yi, ƙurar da ke lungunansa in ta jiƙe laka take zama ta daskare ta yi wari.

4. Filta

Yawanci biyu ne, ɗaya kafin moto ɗaya bayan moto, kuma mutane da yawa ba su ma san da na biyun ba har injin ya tsufa. Na kafin moto yana kusa da mazubi, soso ne ko wani abu kamar bargo, shi ke tare ƙura kar ta shiga moto. Na bayan moto yana inda iska mai ɗumi ke fita, galibi mai lanƙwasa-lanƙwasa ne kamar takardar da aka ninke, in an rubuta HEPA a jikinsa shi ne wanda bisa ma'aunin Amurka yake tare kashi 99.97 cikin ɗari na ƙurar da girmanta ya kai maikiron 0.3, wato wadda ido ba ya ma iya gani.

Na soso, kaɗe shi tukuna, sai ka wanke da ruwan sanyi zalla kana matsawa a hankali har ruwan ya fito fes, ba sabulu ba omo, kuma kar ka murɗe shi kamar wanki. Ka shanya shi aƙalla awa 24 inda iska ke kaɗawa, ka matsa tsakiyarsa ka ji ba sauran danshi kafin ka mayar.

Hattara: jiƙaƙƙen filta shi ne kuskuren da ya fi kashe moto a hannun masu tsafta. Ni kaina na taɓa yi, na wanke da safe na ga bayansa ya bushe na mayar da rana don ina sauri, ashe cikinsa da ruwa, injin bai mutu ba Allah ya taimake ni amma warin ruma da ya kama shi sai da na sayi sabon filta na wanke tiyo kafin ya tafi. Kuma kar ka busar da shi da na'urar busar da gashi ko kusa da wuta, narkewa yake ko ya motse.

Na takarda mai ninki ba a wanke shi sai in an rubuta a jikinsa cewa ana wankewa, bubbuga shi za ka yi a jikin kwandon shara, in ya yi baƙi ƙirin ko ya yage a canza. Kar kuma ka cire filta ka ci gaba da aiki haka don ka ga zuƙa ta dawo, ranar za ka ji daɗi, bayan 'yan makonni ƙura ta cinye boris.

5. Neman inda ya toshe

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi samun ɓarawon. Cire tiyon ta ɓangarorin biyu, miƙe shi, ka jefa tsabar kuɗi ɗaya ta sama, in ta faɗo ta ƙasa hanya a buɗe take ko da ba duka ba, in ta maƙale ka san akwai abu. Haska tocila ta baki ɗaya ka leƙa ta ɗayan. Ka tura sandar mofa ta ɓangarenta mara kaifi a hankali ka turo abun waje.

Hattara: kar ka yi amfani da wayar rataye kaya mai tsini ko wani ƙarfe mai kaifi, fatar tiyo siririya ce, huda ɗaya ta isa ta rage maka zuƙa har abada.

Bayan tiyo akwai wurare uku da abu ke son maƙalewa: gwiwar da ke bayan burushi inda ƙura ke shiga daga ƙasa, 'yar gajeriyar tiyon da ke haɗa kai da jiki, da kuma mashigar mazubi ko jaka. Duk inda hanya ta yi kwana nan za ka duba. Abun da ke faruwa kusan kullum iri ɗaya ne, wani dogon abu kamar tsinken sakace, fil ɗin gashi, marfin biro ko sandar alawa ya gicciye a kwanar, sai gashi da auduga su yi ta taruwa a kansa har su zama toshe guda mai tauri, in ka ciro audugar ka bar tsinken bayan kwana biyu za ka dawo gidan jiya, saboda haka ka sa yatsa ko filaya ka lalubo asalin abun da ya gicciye. Na taɓa ciro safar yaro guda cur daga gwiwar wani injin da mai shi ya riga ya yanke shawarar jefarwa.

Wasu injinan suna da wani ɗan marfi a ciki mai sauya hanyar iska, in injin na tsaye zuƙa ta koma tiyo, in ka kwantar da hannun ta koma ƙasa. In marfin nan ya maƙale sai ka ga tiyo na zuƙa lafiya lau amma ƙasa shiru, kwantar da hannun ka tayar kana kallon wurin ka ga ko yana motsi, sau da yawa datti ne kawai ya riƙe shi.

6. Burushin ƙasa

Kwantar da hannun injin ka kife shi. Farantin ƙasa noti ne ke riƙe da shi ko 'yan maɓallai da ake juyawa da tsabar kuɗi, cire ka ajiye notocin a kofi, in tsawonsu ya bambanta ka lura da ramin kowanne. Ɗaga burushin ka zare shi daga bel.

Gashi da zare da suka naɗe shi, bi da almakashi ko reza a tsaye daga wannan ƙarshen zuwa wancan, wasu burusan ma akwai ɗan kwari da aka yi musu don bakin almakashi, sai ka yaye abun kamar fata. Ka kula kar ka yanke gashin burushin kansa.

Inda mutane ke tsayawa kenan, alhali babban dattin yana ƙarshen biyu. Cire marafan da ke kowane gefe, wasu zarewa ake wasu warwarewa, za ka tarar gashi ya naɗe a wurin ya yi tauri kamar waya har wani lokacin zafi ya narkar da robar. Tsince shi tas. Sannan riƙe ƙarshen biyu da yatsu ka juya burushin, ya kamata ya yi ta juyawa sumul shi kaɗai, in yana tsayawa nan take ko yana gurzawa ko yana rawa boris ɗinsa ya tafi. Ɗigon man keken ɗinki ɗaya a boris ya isa in bushewa ce kawai, kar ka cika don mai ƙura yake kira, kuma kar ya taɓa inda bel ke zama.

Gwada tsawon gashin burushin haka: mayar da shi da farantin, ka ɗora kati ko rula a gicciye kan farantin ka juya burushin da hannu, in gashin bai taɓa katin ba ya cinye, ba ya kai wa kafet, sai sabo. Burushi ya fi bel tsada amma bai kai moto ba.

7. Canza bel

Bel shi ne mafi arha a duk kayan injin nan, kuma shi ya fi saurin gajiya. Mai faɗi na roba zalla yana miƙewa da amfani, ko bai tsinke ba, tsakanin wata 6 zuwa shekara ɗaya ya kamata a canza shi in ana aiki da injin sosai. Mai haƙora ya fi daɗewa nesa ba kusa ba, shi sai ya tsinke ko haƙoran sun zube. Alamar gajiyayyen bel ita ce burushi na juyawa in ka ɗaga injin sama amma da ya taɓa kafet sai ya tsaya, ko ka ga cikin bel ɗin ya yi sheƙi, ko ya tsattsage.

Ka saya da lambar samfurin injin ba da ido ba. In ka ɗora sabon a kan tsohon za ka ga sabon ya fi gajarta sosai, kar ka ce an ba ka wanda ba shi ba, haka yake, tsohon ne ya miƙe. Ni dai biyu nake saya in ajiye ɗaya.

Yadda ake sawa: fara goge sandar ƙarfen moton da bel ke hawa, in akwai baƙar roba da ta manne kankare ta, sai ka rataya bel a sandar, ka zura burushin ta cikin ɗaya ɓangaren ya zauna a mazauninsa, sannan ka ja burushin da ƙarfi ka sa ƙarshensa a ramukansu. Zai yi tauri, sai ka dage. Marafan gefen suna da siffa, ta fuska ɗaya kawai suke shiga, in ya ƙi zama juya shi kar ka buga. Bayan ya zauna juya burushin da hannu sau uku ko huɗu ka ga bel ya daidaita a tsakiya, bai murɗe ba, bai goga a jikin roba ba.

Hattara: in sabon bel ya tsinke ko ya yi wari cikin minti kaɗan ba laifin bel ba ne, burushin ne ba ya juyawa sumul, koma mataki na 6. Kuma in yanzu ka kashe injin kar ka taɓa sandar moton, tana ƙuna.

Wasu injinan burushinsu yana da nasa ƙaramin moto daban, irin waɗannan in abu ya naɗe sai su yanke wa burushin wuta da kansu, wasu da ɗan maɓallin sake tayarwa a kan, wasu kuma fitila ce ke komawa ja, ka cire abun da ya naɗe ka kashe ka kunna. Sannan da yawa burushinsu ba ya juyawa in injin na tsaye, ko in makunni yana kan na tayil, ka duba wannan kafin ka kwance komai, abun kunya ne amma yana faruwa.

8. Tsayin kai da yoyon iska

In akwai abun juyawa na tsayi a kan injin, ka fara daga mafi sama ka riƙa saukowa har ka ji sautin ya canza burushi ya fara taɓa kafet, nan ne daidai. In ya yi ƙasa da yawa injin zai manne ya yi nauyin turawa ya ci bel, in ya yi sama ba zai kwashi komai ba.

Yoyo kuma, kunna injin ka toshe bakin tiyo da hannu ka bi jikinsa kana miƙe shi kana saurare, tsagewa tana ɓuya ne a cikin ninki, galibi kusa da hannu. Salatif mai ƙarfi zai riƙe na ɗan lokaci, ba gyara ba ne na dindindin. Duba robobin da ke bakin mazubi da marfin filta, in ɗaya ta fita daga kwarinta mayar da ita, in mazubin bai yi ƙas ya zauna ba iska ta nan za ta riƙa shiga.

9. In yana aiki sai ya mutu da kansa

Wannan ba mutuwa ba ce, akwai wani ɗan makari a jikin moto da ke yanke wuta in zafi ya yi yawa, kuma iskar da injin ke zuƙa ita ce ke sanyaya moton a yawancinsu, kaga in hanya ta toshe dole ya yi zafi. Kashe makunni, cire fulogi, ka bar shi ya huce minti 30 zuwa awa ɗaya, a cikin wannan lokacin ka yi mataki na 3, 4 da 5. In ka bari ya huce kawai ka ci gaba ba ka cire sanadin ba zai sake yi, kuma kowane zagaye kwayil ɗin moton, wato wayar da aka naɗe a cikinsa, yana ƙara gasuwa har ranar da ba zai tashi ba.

In kuma yana ɗaukewa yana dawowa ne daidai lokacin da ka ja waya ko ka juya, wannan ba zafi ba ne, waya ce ta karye a ciki, sai mataki na gaba.

10. In ya ƙi tashi kwata-kwata

Fara da soket, sa wani abu a ciki ka ga ko akwai wuta. In fuloginka mai ƙafa uku ne irin na Ingila akwai fis a cikinsa, canza shi da mai lamba iri ɗaya da wanda ka cire, mafi girmansu 13A ne, kar ka naɗa waya ko takardar sigari a madadinsa. In sabon fis ya sake ƙonewa nan take akwai inda wayoyi suka haɗu, kar ka ƙara sa wani.

Hattara: koma ga hoton takardar nan ka duba ƙarfin wuta. Injin da aka yi don Amurka 120V yake sha, in aka soka shi a wutar 220 zuwa 240V zai yi wani irin ihu na 'yan daƙiƙu ya ƙone, canza kan fulogi ba ya canza komai. Irinsu suna jan har 12A, wato wat 1,400 da ɗoriya, sai da taransifoma mai rage wuta wadda ta fi wannan ƙarfi, ƙaramar ta cajin kaya ba za ta ɗauka ba.

Sai waya. Bi ta da yatsu daga fulogi har jikin injin kana neman yanka, kumburi, ko inda burushi ya taɓa taune ta. Ta fi karyewa a wuri biyu, gindin fulogi da inda take shiga injin. Don tabbatarwa, fulogi a cire, sa mita a kan gwajin da take yin ƙara in hanya ta haɗu ko a kan om, wato ma'aunin turjiyar wuta, ɗora tsinkayenta biyu a ƙafafun fulogi na wuta, kunna makunnin injin. In makunnin na gargajiya ne za ka ga 'yan om kaɗan, in mita ba ta nuna komai ba hanya a yanke take wani wuri, sai ka riƙa lanƙwasa wayar a wuraren nan biyu kana kallo, in lamba ta bayyana ta ɓace ka kama shi. Masu allon lantarki a ciki wannan gwajin ba lallai ya nuna gaskiya ba. Makunni ma haka ake gwada shi, a buɗe inda yake a jikin injin a ɗora mita a ƙafafunsa biyu a danna.

In karayar a gindin fulogi take yanke wurin ka sa sabon fulogi. In a tsakiya ne a canza wayar dukanta da mai kauri iri ɗaya, ɗaurin salatif a wayar da ake ja a ƙasa kullum ana takawa ban yarda da shi ba sam. Mai wayar da ke naɗe kanta kuwa kar ka buɗe gidan naɗin, akwai sifirin mai ƙarfi a ciki da ke iya tsalle ya yanke ka. In ba ka saba aikin wuta ba, daga nan kai wa mai gyara, ba abun kunya ba ne.

11. Moto

In duk na sama lafiya sai a zo nan. In injin yana da garanti tsaya, buɗe gidan moto yana ɓata garantin.

Abu uku ke lalacewa. Na farko kabon, wasu 'yan sanduna biyu baƙaƙe masu sifirin a baya da ke goga a zoben jan ƙarfen da ke juyawa, suna cinyewa a hankali, alamarsu tartsatsi mai yawa, ƙarfi na hawa da sauka, ko sai an bubbuga injin ya tashi. In tsawonsu ya ragu zuwa kamar milimita 6 a canza, kuma biyun tare ko da ɗaya ne ya fi cinyewa. Kalli zoben jan ƙarfen, in baƙi-baƙi ne kawai goge shi, in kuwa ya yi rami ko wani yankinsa ya ɗago ko ya ƙone, sabon kabon ba zai yi magani ba. Wasu motocin ma a rufe suke ruf ba a canza musu kabon.

Na biyu fanka. Akwai injinan da datti ke bi ta cikin fankar kafin ya isa jaka, irin su Kirby da Oreck da yawancin masu jakar yadi a waje, waɗannan tsabar kuɗi ko noti ɗaya na iya karya fiffiken fankar, sai ka ji ƙara da girgiza da raguwar zuƙa lokaci guda. Fankar ana sayar da ita daban kuma ba ta da tsada, sai dai notin da ke riƙe ta a wasu samfuran hagu ake ɗaure shi, in ya ƙi kwancewa gwada ɗaya ɓangaren kafin ka karya.

Na uku boris da kwayil. Juya sandar moton da hannu, in tana gurzawa ko tana kaɗawa gefe da gefe boris ne. In kwayil ya yi baƙi yana warin ƙuna moton ya gama. A nan sai ka yi lissafi, ni dai in kuɗin moto da na aiki ya haura rabin kuɗin sabon injin, kuma jikinsa ya riga ya tsufa roba na karyewa, ba na ba da shawarar gyara, amma in injin mai ƙwari ne da ake samun kayansa toh ya cancanta.

12. Mayarwa da gwaji

Bi hotunanka daga na ƙarshe zuwa na farko, ka tabbatar ba wayar da marfi ya danne, kuma ba noti ko ɗaya da ya rage a kofi. Noti a cikin roba ba a ɗaure shi da ƙarfin tsiya, da ya tsaya ka bar shi. Juya burushi da hannu sau ɗaya, mayar da filta busasshe da mazubi, sannan fulogi. Kunna na daƙiƙa goma kana saurare kana shinshinawa, in lafiya zuba 'yan yagaggun takardu a kafet ka bi ta kai sau biyu a hankali, in ya kwashe bai watso su ta baya ba aiki ya yi.

Daga nan mazubi a zubar bayan kowace shara, burushi a duba shi duk sati biyu in akwai masu dogon gashi a gidan, filtar soso a wanke duk wata ko kamar yadda littafinsa ya ce. Kafin ka fara shara zagaya ka tsince tsabar kuɗi, fil, igiya da safa da hannu, ka ɗage jelar darduma da labule daga hanya. Ruwa, toka ko da ka ga ta mutu, garin siminti da na filasta, da fasasshen gilashi kar ya shiga injin nan ko sau ɗaya, garin siminti cikin minti biyar zai rufe filtar da ka sha wahalar wankewa. In ka gama ka kama fulogin ka zare ba wayar ba, ka naɗe ta sako-sako a maratayanta, naɗin farko kusa da jikin injin ka bar masa ɗan sarari kar ya ja.